Wa Zai Tsaya wa Mai Neman Aiki?

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:26-27; 15:36-40

A ce kana da shago ko injin niƙa a Jabal Awliya, wani saurayi ya zo neman aiki. Kafin ka amsa masa, ka buɗe shafinsa na Facebook. Ka yi laifi?

A ganina duba ɗin kansa ba zunubi ba ne. Wanda zai riƙe maka kuɗi da makulli, dole ka san halinsa. Amma ka tuna inda muke. Dakarun RSF sun kama garin nan da madatsar ruwansa a Nuwamba 2023, sojoji suka karɓe shi a Maris 2025. Mutane da yawa ba su da kuɗin gudu, suka zauna. Sun sayar da shayi, sun ɗebo ruwa, sun gaisa da masu bindiga domin su kwana da rai. Hoto ɗaya daga waɗannan watanni ba zai gaya maka ko mutum ya yi da son ransa ko da bindiga a bayansa ba. In ka tura hoton nan a WhatsApp kana tambaya, "Kun san wannan?", ba aiki kaɗai ka hana shi ba. A ƙasar da sunan "ɗan haɗin baki" yake iya kashe mutum, ka sa ransa a kasuwa.

Sa'ad da Shawulu ya zo Urushalima, almajirai suka ji tsoronsa, kuma suna da dalili, gama labarin da suka ji a kansa gaskiya ne. Barnaba bai musa ba. Ya kama hannunsa, ya kai shi wurin manzanni, ya faɗa musu abin da tsohon labarin bai sani ba, wato abin da ya faru a hanyar Dimashƙu. Abin mamaki, Bulus ɗin nan da aka tsaya masa, shi ne daga baya ya ƙi tafiya da Markus saboda ya taɓa barinsu a Bamfiliya. Barnaba ne kuma ya ɗauke shi.

Saboda haka, ɗan'uwana, in ka ga abin da ya dame ka, kira saurayin, ku zauna ku biyu, ka nuna masa wayar, ka bar shi ya yi magana. In ba ka gamsu ba, ka sallame shi lafiya. Hoton kuwa ya tsaya a wurinka, ko matarka kada ka nuna mata.