Abin da Aka Jefa Sama, Me Ke Dawo da Shi?

Duk abin da aka cilla sama a miƙe, gudunsa yana raguwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, saboda ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi. Dutsen da ya bar hannu da gudun mita 10 a daƙiƙa zai hau kamar mita 5, ya tsaya ƙiftawar ido, ya dawo hannu bayan kimanin daƙiƙa 2. Ko a wannan tsayawar, jan ƙasa bai sake shi ba. Galileo ya tsara lissafin faɗuwa a 1638, Newton ya bayyana dokar jan a 1687.

A Zabarmari, garin manoman shinkafa a ƙaramar hukumar Jere kusa da Maiduguri, mai bakace da wannan dokar take aiki. Ta watsa shinkafa sama da faifai, tsaba ta dawo, ƙaiƙayi ya bi iska. Ƙasa ba ta fifita tsaba ba. Iska ce ta fi ƙarfin ƙaiƙayi. Inda babu iska, tare za su sauko.

Tambayar malaman tauhidi daban ce: shin ɗabi'ar abu ce ke tilasta masa faɗuwa? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya musanta tilas tsakanin sababi da sakamako a littafinsa Tahafutul Falasifa. Misalinsa wuta da auduga: ido yana ganin ƙonewa a lokacin haɗuwarsu, amma bai ga cewa wutar ce ta aikata ba. Allah ne mai aikatawa, bisa al'adar da Ya gudanar. Ibnu Rushdi ya mayar da martani cewa wanda ya rushe sabubba ya rushe ilimi kansa.

Sheikh Sanusi, mai Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukan Arewa, ya kasa hukunci kashi uku: na shari'a, na al'ada, na hankali. Faɗuwar dutse tana cikin na biyu, wato abin da maimaituwa ta tabbatar, wanda hankali bai kore saɓaninsa ba. Rabon ya yi ma'ana, don adadin 9.8 ma awo ne ya ba da shi, ba tunani ba. A duniyar wata kuwa kimanin 1.6 ne kawai. Lissafi yana faɗin yadda tsaba ke saukowa, saɓanin Gazali da Ibnu Rushdi kuwa a kan wanda ya saukar da ita ne, kuma awo bai raba wannan gardama ba.