Hukuncin Abin Da Aka Ƙarantar Da Gangan

A kowace shekara, idan wata Asabar ta watan Afrilu ta kewayo, duk wanda ya yi sammako a birnin Landan ko Niyok ko Tokiyo zai tarar da mutane sun ja dogon layi a ƙofar waɗansu ƙananan kantuna tun gari bai waye ba, wannan ya ƙudundune cikin bargo, wancan ya rungumi kofin shayi, kowa riƙe da 'yar takarda wadda ya jera sunayen abin da ya kawo shi. Kuma abin da ya hana su barci ɗin ba gurasa ba ne, ba magani ba ne, faifan garmaho ne, irin wanda mu a nan muka daɗe da jinginar da shi a bayan ɗaki. Ranar ita ce masu ita suke kira Record Store Day, watau ranar kantunan faifai, wadda aka soma a Amurka ran 19 ga Afrilu, 2008, a daidai lokacin da intanet ta kusa tashin wannan sana'a daga kasuwa, har babban kamfanin nan Tower Records ya karye a 2006, balle ƙananan 'yan kiri masu cin gashin kansu. Dabarar da aka yi don ceton su ita ce a riƙa buga waɗansu faya-fayai 'yan ƙididdigaggu, dubu ɗaya ko biyu ko ƙasa da haka, a hana sayar da su ko'ina sai a waɗannan kantuna, sai kuma a wannan rana, wanda ya riga zuwa shi ne da rabo. Sana'ar kuwa ta farfaɗo, ko da yake ba wannan rana kaɗai ta farfaɗo da ita ba, har ya zama a 2022 an sayar da faifan garmaho wajen miliyan 41 a Amurka, alhali faifan CD bai wuce miliyan 33 ba, abin da rabon a gan shi tun 1987.

To, a kan wannan dabara ne ma'abota tara faifai suka rabu, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninsu. Waɗansu suna cewa ba don ita ba da tuni an kulle kantunan. Waɗansu kuma suna cewa ta zama kasuwar 'yan baranda, domin kafin azahar ta yi sai ka ga faifan da aka saya da safe ya bayyana a kasuwannin intanet irin su eBay ko Discogs da ninkin kuɗinsa biyu ko uku, ledarsa ma ba a ɓare ba, mai son waƙar tsakani da Allah kuwa ya koma gida hannu rabbana. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, ba domin ina cikin masu layin ba, sai domin na ga a ƙarƙashinta akwai wata tsohuwar mas'ala da malamanmu suka sha tattaunawa. Batun hukuncin kiɗa shi kansa, wanda saɓanin malamai a kansa sananne ne, na ajiye shi gefe guda, tun da tambayar za ta tsaya daram ko da littafi ne ake taƙaita bugunsa.

Abin da zai fara zuwa a zuciyar ɗalibin fiƙihu shi ne ihtikari, watau saye kaya a ɓoye har sai sun yi tsada, wanda hani a kansa ya tabbata a hadisi ingantacce. Shafi'awa sun taƙaita shi ga abinci, amma Imam Malik ya faɗaɗa shi ga kowace irin haja, da sharaɗin cewa ɓoyewar ta cutar da mutanen kasuwa. Da farko sai mutum ya ɗauka ke nan mazhabarmu ta kama ɗan barandan faifai dumu-dumu, amma in aka bi illar hukuncin a hankali sai a ga kamun bai yi ƙarfi ba, saboda cutarwar da ake nufi ita ce ƙuntata wa jama'a a kan abin da suke da bukata gare shi, kuma idan muka ɗauko ma'aunin da Imam Shaɗibi ya shimfiɗa a cikin littafinsa Muwafaƙat, na larurori da bukatu da abubuwan ƙawa, faifai mai launin ja da aka buga guda dubu yana can ƙarshen sahu na uku, in ma an ba shi wuri a sahun. Waƙar da ke cikinsa galibi tana nan a wayar kowa, ba wanda aka hana ji. Na kuma gwada shi da hanin tarbar ayari kafin ya shigo kasuwa, sai na ga ƙiyasin ya yi rauni, domin shi wannan a cikin kasuwar ya saya, a farashin da mai kanti ya yanka, bayan ya sha sanyin asuba kamar kowa. Inda kawai zan iya riƙe shi da hujja shi ne wurin sharaɗi: kantuna da yawa ba sa sayar wa mutum ɗaya fiye da kofi ɗaya na kowane faifai, saboda haka wanda ya kwaso ƙannensa da abokansa ya jera su a layi don su sayo masa, ya yi ha'inci a kan sharaɗin da ya shiga a kansa da yardarsa, wannan kuwa ba ya bukatar dogon istidlali.

Sai dai ni a ganina an cika ɗora wa ɗan baranda laifi, alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Ba shi ya ƙirƙiro ƙarancin ba, tarar da shi ya yi. Wajibi ne a rarrabe tsakanin ƙaranci iri biyu. Akwai wanda zamani ya haifar, kamar tsohon faifan da aka buga shekara sittin da suka wuce, wuta ta ci waɗansu, rana ta lanƙwasa waɗansu, har saura 'yan kaɗan. Akwai kuma wanda mutum ya zauna a ofis ya tsara, alhali injin da ya buga dubu ɗaya ba abin da zai hana shi buga dubu ɗari. Ko a cikin iri na biyun ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ƙaramin kamfanin da ya buga ɗari biyar saboda iyakar jarinsa ke nan, kuma yana tsoron kada kaya su yi masa kwantai, yana da uzuri bayyananne, ƙarancinsa gaskiya ce tsantsa. Amma hamshaƙin kamfanin da zai fitar da kundin waƙoƙi guda cikin launi biyar, kowane launi da kwalinsa dabam, ya ce wa masoya in ba su saya yau ba sun rasa har abada, wannan ba faifai yake sayarwa ba, tsoron rashi yake sayarwa, har ta kai mawaƙiya Billie Eilish ta fito fili a 2024 ta soki al'adar da cewa ɓarna ce. Ga shi kuma masana'antun da ke buga faifai kaɗan ne a duniya, lamarin ya ƙara tsananta bayan gobarar da ta cinye masana'antar Apollo Masters a jihar Kalifoniya cikin Fabrairun 2020, wadda a lokacin ɗaya ce daga biyu kacal masu yin farantin da ake fara yanka waƙa a kansa. Idan manya suka cika layin injuna da bugun wannan rana, ƙaramin mawaƙi sai ya jira watanni. Ƙananan ne suka riƙe sana'ar sa'ad da kowa ya guje ta, da ta yi daraja kuma sai aka ture su baya, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne maganar take fita daga hannun alƙali ta koma hannun masu tarbiyyar zukata, domin tambayar da ta rage ita ce, me mai saye yake so a haƙiƙa? Wani masanin falsafa Bajamushe, Walter Benjamin, ya rubuta a 1936 cewa idan na'ura ta iya kwafar aikin fasaha ba adadi, wani kwarjini da yake tattare da kasancewar abu tilo yakan gushe. Faifai kuwa ɗan na'ura ne tun ran gini, an yi shi ne domin murya guda ta shiga gida dubu. Abin mamaki sai ga shi yanzu ana buga masa lamba a bayan kwali, na 217 cikin 1000, don a maido masa da kwarjinin da aka ƙera shi ya kawar. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ƙungiyar mawaƙan Wu-Tang Clan ta yi, da ta fitar da wani kundi kofi ɗaya tak a duniya, aka sayar wa wani attajiri a 2015 kan kimanin dala miliyan 2. Imam Gazali ya yi dogon bayani a littafinsa Ihya kan son girma, inda ya nuna cewa rai yana da kwaɗayin ya kaɗaita da kamala, ba wanda ya yi tarayya da shi a cikinta. Ina ganin wannan ita ce jijiyar da 'yan kasuwa suka gano suke taɓawa. Daɗin sauraro ba ya raguwa don wani ya ji abin da ka ji, bal ma ƙaruwa yake yi, amma daɗin lamba ta 217 ba ya tsayuwa sai da samuwar mutum na 1001 wanda ya rasa, kuma duk jin daɗin da ba ya cika sai da rashin wani, lalle ya cancanci mai shi ya tuhumi ransa a kansa. Wani binciken kasuwa da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna kusan rabin masu sayen faifai a Amurka ba su da garmahon da za su ɗora shi a kai.

Wannan ya tuna mini da garmahon wani maƙwabcinmu sa'ad da muke yara, irin mai hannun wani, wanda yake ajiye allurorinsa a ɗan gwangwani kamar na ƙwayar magani. Faya-fayansa ba su fi goma ba, duk sun karce, akwai ma wanda in allura ta iso wani wuri sai ta yi ta maimaita kalma guda har sai an ɗan tura ta da yatsa, mu kuwa mun haddace wurin, muna jiransa muna dariya. Ba a taɓa jin ya hana aro ba. In ana biki a unguwa sai a aiko yaro, ya naɗe su a zane ya ba shi da kashedin kada ya bi ta cikin rana. Ban kuma yi tsammanin banza Bahaushe ya ara wa wannan abu sunan faifai ba, abin rufe ƙwarya wanda yake yawo tsakanin gidaje da tuwo a ƙarƙashinsa.

Amma kada in zalunci masu tarawa, domin suna da wata hujja wadda mu musamman ba mu da bakin musanta ta. Faya-fayan da aka buga wa Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da takwarorinsu, ina suke yau? Mafi yawansu ƙura da zafi da ƙaura sun gama da su, saboda mun ɗauke su abin amfani kawai, da kaset ya zo muka watsar. Kiɗan ogan da Mamman Sani ya ɗauka a Yamai a 1978 ya kusa ɓacewa ƙurmus, sai da wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da shi a faifai a 2013, masu sayensa kuwa su ne irin mutanen nan masu kwana a layi. Watau mutumin da na gama zargi da son kaɗaita, sau da yawa shi ne ma'ajin da ba wanda ya naɗa shi, kuma rowarsa da ledarsa da ba ya ɓarewa su ne suke kai abu ga jikokin waɗanda suka yar da shi. Allah yakan tsare maslahar jama'a ta hannun wanda bai nufe ta ba. Sai dai tsaruwar maslahar ba ta wanke niyya, kamar yadda gurɓacewar niyya ba ta soke amfanin da aka samu, waɗannan hisabi biyu ne dabam, kuma mafi yawan gardamar masu tarawa ta samo asali ne daga cakuɗa su.

Saura mai kanti, wanda da sunansa ake yin duk wannan hidima, kuma shi ne ba a cika tambayar ra'ayinsa ba. Kayan wannan rana da kuɗinsa yake sarowa, ba a kuma karɓar su in sun yi kwantai; yakan nemi ashirin na abin da ya san za a yi rububinsa a aiko masa uku, wanda ba a nema kuwa ya zauna masa a kanta shekara da shekaru. An ɗaure shi da alkawarin ba zai keɓe wa kowa ba, har abokin cinikin da yake zuwa kowane mako. Abin da ya sa irin kantin nan ya cancanci a raya shi, kamar Rough Trade da aka buɗe a yammacin Landan a 1976, ba haja ba ce, tun da haja tana ko'ina. Majalisa ce, inda mutum zai shiga bai san me yake nema ba, mai kanti ya dube shi ya ce saurari wannan, ya ɗora masa abin da bai taɓa jin sunansa ba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa a ranar da layi ya kai kwanar titi, kowa idonsa a kan takardarsa. Saboda haka idan mai tarawa ya ce mini don taimakon kanti ya kwana a ƙofarsa, ba na ƙaryata shi, illa dai nakan so in ji ko mai kantin ya san fuskarsa, da kuma inda yake a wata Talata ta tsakiyar Yuli, sa'ad da kuɗin haya ya gabato, mai kanti yana zaune shi kaɗai yana goge ƙura daga kwalayen Afrilu da suka rage.