Nasiha Ga Ɗalibi Mai Shirin Jarrabawar Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutum, ya ba shi hankali, ya kuma jarrabe shi da mantuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wanda ya baro Gandi, ko Rabah, ko Wurno, ko Goronyo, ya zo Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato neman ilimi: ga jarrabawar saikoloji ta ƙarato, wato ilimin halayyar ɗan Adam, kai kuwa littafinka yana nan da ƙura. Mahaifinka ya sayar da buhunan albasa da shinkafa ya biya maka kuɗin makaranta. To, wannan amana ce, kuma za a tambaye ka a kanta.

Ka sani, Allah ya yi maka rahama, mun ga samari iri uku idan jarrabawa ta matso. Na farko ya tafi wurin boka ko mai duba, a ba shi laya ko a tofa masa a bakin alƙalami, wai don ya tuna abin da bai taɓa karantawa ba. Subhanallahi! Ya saka tauhidinsa cikin haɗari saboda takarda ɗaya. Na biyu ya rubuta amsa a 'yar takarda ya cusa a hula. Wannan ha'inci ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai ha'inci. Na uku ya miƙe ƙafa yana cewa ya dogara ga Allah. Ai mutumin da ya zo da raƙumarsa, Manzon Allah cewa ya yi ya ɗaure ta tukuna, sannan ya yi tawakkali.

Abin mamaki, darasin da kake jin tsoro shi da kansa ya gaya maka yadda za ka ci shi. A shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya yi ta haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage. Sai ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kafin a kwana mafi yawan haddar ta zube. Ya kuma ga maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Yanzu don Allah, wane sabon abu ne a nan? Ba haka malaminka na allo ya yi da kai ba? Ka biya da safe, ka biya da yamma, ba a wanke allo sai ka kawo hadda da ka, sannan a bi da tilawa don kada na baya ya gudu.

Saboda haka ga abin yi.

Na ɗaya, ka raba littafin bisa kwanakin da suka rage. Madatsar ruwa ta Goronyo ba ruwan dare ɗaya ya cika ta ba.

Na biyu, idan ka karanta babi, ka rufe littafin ka tambayi kanka. Wa ya buɗe ɗakin gwajin farko na wannan fanni? Wilhelm Wundt, a birnin Leipzig, 1879. Me Pavlov ya gano? Cewa kare yana zubar da yawu da jin alamar da aka saba haɗa masa da abinci, ko da abincin bai zo ba. Idan ka kasa faɗa ba tare da leƙe ba, to, ba ka iya ba tukuna. Ka nemi aboki ku riƙa yi wa juna tambaya bayan sallar Asuba.

Na uku, ka yi barci. Bincike ya tabbatar barci yana zaunar da abin da aka koya. Mai kwana yana tauna goro da haɗiyar ƙwaya, gari na wayewa zai shiga ɗakin jarrabawa da kai kamar an jiƙa gari, wataƙila ma Asuba ta wuce shi.

Na huɗu, za ka haɗu da maganganun da ba su dace da aƙidarka ba, kamar na Freud, wanda ya ɗauki addini ruɗu ne. Kada ka firgita, kada kuma ka haɗiye. Aka tambaye ka yadda ya kasa zuciya gida uku, ka kawo yadda ya faɗa, ka jingina masa maganarsa. Hakaito magana daban, yin imani da ita daban. Kada ka maida takardar amsa mumbari.

Kuma kada wani ya ce maka wannan ilimi na Turawa ne kaɗai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, da hanyoyin maganinsu. Kai ma ka san buƙatarmu gare shi. Tun harin Tabanni na 2018, da mutane suka gudo Gandi, akwai yaran da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, akwai matan da barci ya ƙaurace musu. Wa zai zauna da su da ilimi da tausayi, in kai ka ci jarrabawa da satar amsa?

To, ka gyara niyya, ka buɗe littafi yau, ba gobe ba. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ka ɗaga hannu ka roƙi Ubangijinka kai tsaye, babu ɗan tsakani. Abin da ya zo bayan haka, ka karɓa da godiya ko haƙuri.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga shirka da ha'inci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.