Takardun Masani, Na Wa Ne?

'Yan'uwana ɗalibai, ga wata tambaya da nake so mu tauna tare. In shaihin malamin tattalin arziki ya bar aiki, aka tattara takardunsa aka kulle a ɗakin ajiya, shin na wa ne? Nasa, ko na jami'arsa, ko kuwa na mutanen da ya tatso ilimin daga bakinsu?

Ga misali. A 1965 David Norman ya zo Samaru ta Zariya, ya zauna har 1976. Ya bi manoman Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, ana auna gonakinsu, ana ƙirga kwanakin aikinsu. A wancan zamani malaman gona da yawa na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya duhun kai ne. Lissafinsa ya nuna manomi ne ke da gaskiya, don in wani iri ya ƙi, wani zai yi. Daga baya ya zama farfesa a Kansas ta Amurka. Haka ita ma Polly Hill ta zauna Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Ta nuna yadda talauci ke tura mutum ƙodago a gonar wani, tasa gonar tana cinyewa da ciyawa.

Wani zai ce ai gumin masani ne, shi ya yi tambaya, shi ya yi lissafi. Na yarda, kuma ba na rage masa lada. Amma wa ya buɗe rumbunsa aka leƙa? Wa ya faɗi bashin da ke wuyansa, abin da ko ƙaninsa bai sani ba? Sakamakon ya fito da Turanci, harshen da galibin masu rumbunan ba su ji.

A ganina irin waɗannan takardu amana ce, kuma hakki biyu ke kanta. Na farko a rufa asirin wanda ya yi magana, kada jikansa ya ji kunya a bainar jama'a. Na biyu a mayar da ilimin gida, cikin harshen masu shi, yadda manomin Roni ko Gwiwa zai ji a rediyo ya ce, "Ashe dabarar kakana ce."

Wannan magana ta shafe mu. Duk hutu muna komawa Kazaure da Ɓaɓura da takardar tambayoyi, dattawa su shimfiɗa mana tabarma. Mu sami digiri, kundin ya kwanta a kanta yana shan ƙura. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Kafin ka miƙa kundinka ga malami, tambayi kanka yaushe za ka koma ka karanta wa dattijon nan abin da ka rubuta a kansa.

Wassalam.