Ƙwan Kazar da ke Shan Magani: Na Sayarwa ne?

Da sanyin hunturun bara ciwo ya shiga kajina a nan Sabon Garin Gusau. Sai ka ga kaza ta takure, tana zawo kore, wuya ya murɗe. Maƙwabciyata ta ce, "Malama, kafso ja da yalo za ki fasa masu a ruwa." Na fasa. Wasu suka mutu duk da haka, domin likitan dabbobi ya shaida mani cutar Newcastle ce, ƙwayarta bairos, kuma tetracycline ba ya kashe bairos. Abin da ke tare ta rigakafi ne, irin wanda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi.

To, ba asarar ce ta fi damuna ba. Waɗanda suka tsira sun ci gaba da ƙwai, ga mai shayi yana jira, ga kuɗin makarantar yara.

Tausaya wa dabba marar lafiya wajibi ne, mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Amma maganin yana saura a ƙwai da nama na wasu kwanaki, dafuwa ba ta kawar da shi duka. Shi ya sa ake rubuta kwanakin jira a jikin maganin kaji. Kafson mutane kuwa babu wannan rubutu. Sannan idan ana ba da shi barkatai, ƙwayoyin cuta kan saba da shi, ranar da ɗanki zai buƙace shi ya ƙi ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2017 kan ba lafiyayyun dabbobi irin wannan magani.

Wata za ta ce ai ba wanda ya tambaye ta. Gaskiya ne. Sai dai aibin da mai saye ba ya iya gani shi ne ya fi zama dole a faɗa masa. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar kan tsare kaza mai cin ƙazanta kwana 3 kafin ya yanka. Ban ce hukuncin ɗaya ne ba, wannan sai malamai, amma dai ya yarda ya jira.

Ni dai da ƙyar na tona rami na binne ƙwan. Mai shayin ya koma wajen wata, har yau bai dawo ba.