Wa Ya Fara Cin Amanar Wani?

Tun da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe a Kafanchan, mahaɗar da ta bunƙasa daga 1927, dakon citta da masara ya koma kan gingimari. A Manchok, kukan mai motoci biyu ko uku ɗaya ne: direban kirki ya yi wuya. Wannan ya zuƙe gas ya sayar, wancan ya yi lodi a ɓoye ya soke kuɗin.

Ba mu musanta ba. Sai dai mukan manta cewa mai mota dukiyarsa ya damƙa, direba kuwa ransa. Wanda ya tura mutum hawan tsaunukan Filato da suɗaɗɗiyar taya, ya kuma riƙe masa albashin wata biyu, da wane baki zai kira shi maci amana? Ba sata muke halattawa ba. Akwai direban da ko an cika masa aljihu sai ya taɓa. Amma mun lura, waɗanda kan daɗe da ubangida ɗaya galibi yaran motarsa ne a da, waɗanda ya sa aka koya musu tuƙi, ya tsaya musu ranar aure, ya je belinsu ranar da aka kama mota.