Hayaƙin Titi da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu numfashi ba da kuɗinmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu suna zaton idan mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya rabu ke nan da ƙazantar iskar waje. Ku sani katanga tana tsare ido, amma ba ta tsare hayaƙi. Iskar ɗaki daga titi take zuwa: ta ƙarƙashin ƙofa, ta taga, ta tsakanin kwano da bango.

Masana sun bayyana cewa mafi cutarwa a cikin ƙura da hayaƙi su ne ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda silin gashi ya fi su kauri wajen sau 30. Hanci ba ya iya tace su, sai su zarce cikin huhu, wasu har cikin jini. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a duniya.

Abin da ke shigo mana gida iri biyu ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda iska ke ɗaukowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe Damagaram da Maraɗi da Tawa daga Nuwamba zuwa Maris. Wannan hukuncin Ubangiji ne, sai haƙuri da kariya. Na biyu kuwa aikin hannunmu ne: ƙona shara da leda a bakin gida, babbakar dabbobi da tsohuwar taya, da injin wuta da ake girkewa jikin tagar maƙwabci. Da daren sanyi iska mai sanyi tana kwantawa ƙasa, hayaƙi ba ya tashi sama, sai ya bi lungu ya shige ɗakuna. Wanda ya kunna wutar ya tafi abinsa, jinjiri da tsohuwa da mai ciwon asma su ne za su kwana suna tari.

Shari'a ba ta yi shiru a kan wannan ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Shehu Halilu a Muhtasar ya ambata cewa alƙali yana hana hayaƙin gidan wanka da warin majema idan suna cutar da maƙwabta. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim an hana wanda ya ci tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci. In har warin albasa ya kai haka, ina ga hayaƙin roba da ke lalata huhu? Kada mutum ya ce ai a ƙofar gidansa ya ƙona. Ƙofar tasa ce, iskar kuwa ta jama'a ce. Hukumar ƙasarmu ma ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun 2014, amma doka ba ta aiki inda babu tsoron Allah.

Saboda haka muna yi wa kanmu da ku wasiyya. Mu bar ƙona leda da taya cikin unguwa. Kwamitocin masallatai su haɗa kai, su nemi ma'aikatar magajin gari ta riƙa kwashe juji. Mai injin wuta ya nisanta shi daga tagogi, kada a tayar da shi cikin zaure ko ɗaki, domin iskarsa mai kisa ba ta da wari, kamar ta gawayin da ake kwana da shi a ɗaki rufe. Ranar da hazo ya yi ƙarfi a rufe tagogi, idan gari ya washe a buɗe iska ta zaga. Iyayenmu mata su yayyafa ruwa kafin shara, domin sharar busasshiyar ƙasa tana mayar da ƙurar da ta kwanta cikin hanci. Masallatai ma a riƙa kakkaɓe tabarmi da darduma a waje.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare maƙwabtanmu daga cutarmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.